Kwamfutata tana ɗaukewa ta sake tashi da kanta in ina buga gem

"Assalamu alaikum injiniya, don Allah a taimaka min. Na haɗa kwamfutar gem wata 4 da suka wuce, Ryzen 5 5600, girafik kad RTX 3070 na hannu, ram 16GB, fawa fak 550W wanda ya zo tare da kes. In ina kallon YouTube ko ina buga EA FC lafiya lau take yini guda, amma da na buɗe Warzone ko Cyberpunk sai bayan minti 10 ko 20 ta ɗauke ɗif kamar an zare waya, jim kaɗan ta sake tashi da kanta. Ba bulu sikirin ba komai. Na sake zuba Windows sau 2 ba ta daina ba, wani ya ce min birus ne wani ya ce madabod ne ya tafi. A Kano nake, wani lokaci Nepa wani lokaci inbata."

Wa alaikumus salam ɗan uwa. In na fahimce ka daidai, na'urar ba ta da matsala in aikin mara nauyi ne, sai an ɗora mata gem mai cin ƙarfi take yankewa, ba ta nuna maka komai kafin ta tafi, kuma ba a kashe take zama ba tashi take yi da kanta. To wannan bayanin da ka yi ya riga ya rage mana rabin aikin, don kowanne daga cikin ukun nan yana nuni da wani abu.

Da farko ka ajiye maganar birus a gefe. Ka goge Windows har sau 2 abin bai canja ba, kuma birus ba ya jiran sai girafik kad ya ɗau nauyi sannan ya kashe kwamfuta. Madabod kuma yana iya yiwuwa amma shi ne na ƙarshe a layi, ba a fara zarginsa sai an wanke sauran. Ni dai a abin da nake gani a wajen aiki, irin wannan ɗaukewar ta ɗif ba saƙo ba komai a tsakiyar gem, galibi wuta ce, ko dai fawa fak ɗin, wato akwatin da ke raba wa sassan kwamfuta wuta, ko abin da ke ba fawa fak ɗin wuta daga bango. Zafi ke bi masa, sai ram. Amma kar ka sayi komai tukuna, akwai gwaje-gwajen da ba za su ci maka ko sisi ba.

Fara gano wane irin mutuwa take yi

Abu biyu ne suke kama da juna a ido amma ba ɗaya ba ne. Akwai wanda Windows ce ta yi karo da matsala ta faɗi, ta nuna bulu sikirin na ɗan lokacin da ido ma ba ya kamawa ta sake tashi, saboda haka aka saita ta tun asali. Akwai kuma wanda wutar ce kawai ta yanke Windows ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Maganinsu daban ne shi ya sa nake cewa a fara rabewa.

Ka shiga System Properties, ɓangaren Advanced, ƙarƙashin Startup and Recovery ka danna Settings, za ka ga wani akwati Automatically restart, ka cire alamar da ke ciki. Daga yanzu in Windows ce ke faɗuwa bulu sikirin ɗin zai tsaya maka har ka ɗauki hotonsa da waya. Sannan ka buɗe Event Viewer, Windows Logs, System, ka nemo layin da aka rubuta Kernel-Power mai lamba 41 a daidai lokacin da abin ya faru. Mutane da yawa in sun ga 41 ɗin nan sai su ɗauka sun gano cutar, alhali abin da yake faɗa kawai shi ne kwamfutar ta tashi ba tare da an kashe ta yadda ya kamata ba, wanda kai ma ka sani. Amfaninsa na ciki ne, ka buɗe Details ka duba BugcheckCode. In ka ga 0 to Windows ba ta samu damar rubuta komai ba, wato an yanke ta ne daga ƙasa, wannan ya ƙara ƙarfafa zargin wuta. In kuma ka ga wata lamba, misali 278 direban girafik ne ya maƙale ya kasa dawowa, 292 furosesa ko wani ƙarfe ne ya kai ƙarar kuskure, 26 kuma yawanci wajen ram ake dubawa. Haka nan ka leƙa C:\Windows\Minidump, in babu komai a ciki duk da yawan mutuwar da take yi, shi ma shaida ne.

Daga yadda ka ba da labari ina kyautata zaton 0 za ka gani.

Fawa fak ɗin nan da ya zo da kes

Nan ne zan fi daɗewa don nan na fi zargi. RTX 3070 shi kaɗai yana jan wajen 220W in yana aiki sosai, kuma Nvidia da kansu 650W suka ba da shawara a sa masa. Ryzen 5 5600 ba shi da ci, 65W aka rubuta masa, yana ɗan haurawa zuwa 70 da wani abu. In ka haɗa da madabod da ram da fankoki da SSD za ka tashi da kusan 350W. Za ka ce to ai 550 ya fi 350, ina matsalar? Matsalar guda biyu ce.

Ta farko, lambar da aka buga da manyan baƙi a jikin fawa fak ba ita ce gaskiyar magana ba, musamman irin waɗanda ake haɗawa da kes kyauta. Ka kashe komai ka zare waya ka buɗe murfin gefe ka karanta takardar da ke manne a jikinsa. Akwai ɗan jadawali, ka nemo inda aka rubuta +12V ka duba amfiya nawa ne a ƙarƙashinsa, sai ka ninka da 12. Furosesa da girafik kad duk daga layin 12V ɗin nan suke sha. Mai kyau na 550W za ka ga wajen 45A, wato kusan duk ƙarfinsa a nan yake. Amma na sha cire wanda aka rubuta 550W ko 600W ɓaro-ɓaro, a ƙasa kuma da ƙananan baƙi 12V ɗin 28A ne ko 30A, wato 336 zuwa 360W kenan, sauran an cike lissafin ne da layin 5V da 3.3V waɗanda kwamfutar zamani ba ta cika damuwa da su ba. Ka ɗaga shi a hannu ma ka ji shi sakayau kamar ba komai a ciki, wayoyinsa sirara, ba sunan kamfanin da za ka iya nema ka samu. Irin wannan ko abin da ya rubuta ɗin ba lallai ya iya bayarwa ba in ya yi zafi.

Ta biyu, girafik kad ba ya jan wuta a miƙe. Yana iya zama a 200W sai a cikin ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba ya fizgi abin da ya fi haka nesa ba kusa ba, ya dawo. Katunan RTX 30 da suka fito a 2020 sun yi suna da wannan halin, musamman 3080 da 3090, har ya sa tsarin fawa fak na ATX 3.0 da ya fito a 2022 ya shar'anta cewa dole su iya jure irin wannan fizgar. Ka san yadda ƙaramin janareto yake yi in yana ɗauke da fitilu da fanka lafiya lau sai wani ya jona dutsen guga, ya shaƙe fitilu su dushe ko ya mutu gaba ɗaya, to haka ne. In fizgar ta zo, ko dai 12V ɗin ya faɗi ƙasa da ƙa'ida madabod ya ga wuta ba ta da kyau ya sake tashi, ko kuma na'urar kariya ta cikin fawa fak ɗin ta yanke wutar da kanta. EA FC ba ya matsa wa katin sosai shi ya sa ba ka ganin komai, Cyberpunk kuwa tatsarsa yake yi har ƙarshe.

Ga wata alama da nake tambayar mutane. In ta mutu ta zauna a mace, ka danna maɓalli ta ƙi tashi sai ka kashe makunnin bayan fawa fak ka jira ka kunna, to kariyar ce ta kama, kusan ba tantama. In kuma da kanta take tashi kamar taka, ya fi kama da faɗuwar wuta ta ɗan lokaci, ko kuma a BIOS, wato shafin saitin madabod da ake shiga kafin Windows ta hau, an saita ta tashi da kanta in wuta ta dawo. Ba doka ba ce da ba ta karyewa amma tana taimakawa.

Gwajin da na fi so, kuma kyauta ne. Ka sauke MSI Afterburner, yana aiki da kati na kowane kamfani, ka ja Power Limit ya dawo 65 ko 70 cikin ɗari, ka kuma kulle gem ɗin a firem 60. Ka buga wannan gem ɗin da ya saba kashe ta na awa ɗaya ko biyu. In ta daina mutuwa ko ta daɗe sosai kafin ta mutu, ka kusa kama ɓarawon. Na ce kusa ne saboda rage wuta yana rage zafi ma, don haka sai ka haɗa da duba zafin da zan yi bayani a ƙasa. Akwai kuma OCCT, a cikinsa akwai gwajin Power wanda ke ɗora wa furosesa da kati nauyi a lokaci guda. In ka gwada furosesa shi kaɗai ya wuce, kati shi kaɗai ya wuce, amma da ka haɗa su biyun ta ɗauke cikin 'yan mintuna, ai magana ta ƙare. Sai dai ka tsaya a kusa in kana wannan gwajin da fawa fak mara suna, in ka ji ƙauri ko wani ƙara ka kashe nan take.

Kafin ka rufe kes ɗin ka duba wayoyin da suka shiga katin. Ramin madabod yana ba da 75W, kowace waya mai fin 8 an tsara ta a kan 150W. In katinka mai baki biyu ne kuma waya ɗaya ce mai kai biyu aka jona a duka, gara a ba kowane baki wayarsa daban in fawa fak ɗin na da su. Wanda ya fi muni shi ne adaftar nan da ke canja wayar SATA ko Molex ta koma ta girafik, masu haɗawa suna yawan sa ta in fawa fak ɗin ba shi da isassun wayoyi, kuma kasancewar an buƙace ta ma kaɗai ya isa ya gaya maka fawa fak ɗin ba na wannan katin ba ne. Ka zare kowace ka haska da tocilan, in ka ga robar wani rami ta yi ruwan ƙasa ko ta ɗan narke, ko ƙarfen ciki ya yi baƙi, to a nan wutar ke wahalar wucewa. Ka mayar ka danna har ka ji ƙas, haka ma babbar mai fin 24 da ta furosesa da ke can saman madabod.

Kar ka kwance fawa fak ɗin kansa don Allah. Manyan kafasitocin ciki suna riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare shi daga bango.

Wutar gida

Wannan ɓangaren ne waɗanda ke rubutu daga Turai ko Amurka ba sa kawowa sosai don ba damuwarsu ba ce, mu kuwa dole. Fawa fak yana iya riƙe kwamfuta na kusan milisakan 16 ne kawai in wuta ta yanke yana ɗauke da nauyi kusa da iyakarsa, kuma in bai da inganci lokacin ya fi haka gajarta. Wato ƙiftawar da kwan fitila zai yi wanda kai ba ka ma lura ba, ko lokacin da inbata ke canjawa daga Nepa zuwa batir, ko firij ko injin jan ruwa ya tashi, kwamfutar da ke kallon YouTube za ta tsallake, wadda ke tsakiyar Warzone ba za ta tsallake ba. Ka ga ashe wannan ma yana iya ba da irin alamar da ka faɗa sak.

Don haka ka riƙa lura, a kan Nepa take mutuwa ko a kan inbata ko duka? Da dare lokacin da wutar unguwa ke yin ƙasa ne ko kowane lokaci? Ka duba takardar fawa fak ɗin nan ma, wasu an rubuta 100-240V suna jure wuta mara ƙarfi, wasu kuma 200-240V ne kawai, in wutar layinku ta sauka 180 sun shiga wahala. In inbatarka ƙarama ce ko ba mai tsaftatacciyar wuta ba ce wadda ake rubuta wa pure sine wave, ita ma abar zargi ce. Haka UPS, ɗan akwatin batir da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, mutane na sayen ƙaramin 650VA su jona kwamfutar gem, alhali abin da yake iya ɗauka bai wuce 360 zuwa 390W ba, ga monita a kai, da gem ya yi nauyi shi ne zai fara yin ƙara ya yanke. Ga irin na'urarka ni ba na sa ƙasa da 1200VA ko 1500VA.

Sai abu mafi sauƙi wanda aka fi rainawa, ekstenshan. Ka zare kwamfutar daga ekstenshan ɗin nan mai arha da aka cika da caja da fanka ka jona ta kai tsaye a soket mai kama fulogi gam, ka canja wayar wutar ma in kana da wata. In da hali ka ɗauke ta ka kai gidan aboki ko shagon da wutarsu ke tsaye ka buga awa biyu, wannan kaɗai zai raba maka gardama tsakanin gida da na'ura.

Zafi

Cewa da ka yi sai bayan minti 10 zuwa 20 ne ya sa ba zan watsar da zafi ba. Ka sauke HWiNFO64 ka buɗe Sensors, ka danna Logging ya riƙa rubutawa a fayil, don in ta mutu ka buɗe ka ga lambobin daƙiƙun ƙarshe. Furosesa na zamani in ya kai wajen digiri 90 zuwa 95 rage gudu yake yi ya kare kansa, ba ya kashewa sai abin ya wuce nan, kuma in zafi ne ya kashe ta yawanci a mace take zama, ka kuma fara jin gem na sarƙewa fankoki na ihu kafin nan. A katin ka duba GPU Temperature da kuma Hot Spot. In na farkon na 70 da wani abu amma Hot Spot ya haura 100, tamal fes ɗin, wato man da ake shafawa tsakanin cif da abin sanyayawa, ya bushe ko abin sanyayawar bai zauna daidai ba. Tunda na hannu ne ba ka san wahalar da ya sha ba, da yawa daga katunan wannan zamanin sun yi haƙar kirifto dare da rana kafin Ethereum ya daina amfani da haƙa a 2022 aka zubo su kasuwa.

Kuma a Kano kake. Daga Maris zuwa Mayu ɗaki ba AC yana iya kai 38 ko 40, ga ƙurar hunturu da ta riga ta shige. Ina buɗe kes in tarar da ƙura ta yi kirtani tsakanin fanka da haƙoran hitsink, ƙarfen da ke janye zafi, har ana ɓanɓaro ta da yatsa a dunƙule, iska ba ta wucewa sam. Shi ma fawa fak ɗin zafi na rage masa ƙarfi, in fankarsa na kallon ƙasa kuma kes ɗin na kan kafet to numfashi ma ba ya yi. Ka ɗora ta a kan tebur ko katako, ka hure ƙurar da bulowa amma ka riƙe fankokin da yatsa kar su yi ta juyawa, sannan ka gwada buga gem murfin gefe a buɗe da fankar ɗaki tana hura ciki. In lokacin mutuwar ya ƙaru daga minti 15 zuwa awa, zafi na da hannu.

Ram da sauran

In BugcheckCode ba 0 ba ne, ko duk na sama sun wuce lafiya, sai a juyo nan. Ka shiga BIOS ka mayar da komai yadda ya zo, ka kashe XMP, saitin da ke ƙara wa ram gudu, a wasu madabod ɗin Asus na AMD DOCP ake kiransa, ka kashe duk wani PBO ko Curve Optimizer, saitunan gudu da wutar furosesa, in mai haɗawa ya taɓa. Ryzen 5000, dangin furosesarka, in aka rage masa wuta fiye da kima yana sake tashi ba bulu sikirin, sai dai ka ga WHEA-Logger mai lamba 18 a Event Viewer, amma shi wannan ya fi faruwa lokacin da kwamfutar ke zaune ba aiki, wanda ba haka naka yake ba. Ka sa MemTest86, manhajar gwada ram, a filasha ka bar shi ya zagaya sau 4, kuskure ko ɗaya ne ba a yafewa. In ram biyu ne su kasance a rami na 2 da na 4 daga wajen furosesa, kuma ka gwada su ɗaya bayan ɗaya. Direban girafik ka cire shi da DDU, manhajar goge direba, a Safe Mode ka zuba sabo daga shafin Nvidia, duk da tunda ka sake Windows ba na sa rai a nan. Akwai kuma ɗan abin da ke ba mutane kunya, maɓallin reset na gaban kes in ya lalace yana taɓa kansa, ka zare 'yar wayarsa mai rubutun RESET SW daga madabod ka gani.

Abu ɗaya za ka riƙa canjawa a lokaci guda ka gwada. In ka canja biyar ta warke ba za ka san wanne ne ba.

In ya tabbata fawa fak ne

Gaskiya daga nesa ba zan iya rantse maka ba, kuma ko mita ka sa a layin 12V ka ga 12.1 ba ta wanke shi ba, don faɗuwar tana zuwa ta wuce kafin mita ta gani, lambobin da sofwaya ke nunawa ma haka. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne aron fawa fak mai kyau na 650W ko 750W a jona a buga gem ɗin nan. Masu gyara da yawa za su yi maka wannan da ɗan kuɗi kaɗan, ka tafi da kwamfutar gaba ɗaya ka ce a gwada a gabanka da gem ɗin da ke kashe ta, ba wai a kunna a ga Windows ta hau a ce ta yi ba. In da fawa fak mai kyau da wuta mai kyau ta ci gaba da mutuwa, sai a sa katinka a wata kwamfutar, in ya kashe waccan ma to katin ne, in bai kashe ba sai a lokacin mu fara maganar madabod.

Wajen saye ka nemi 650W zuwa 750W na kamfanin da aka sani irin su Seasonic, Corsair, be quiet! ko Cooler Master, ka bincika ainihin samfurin don kowane kamfani na da mai kyau da na ƙasa-ƙasa. Tambarin 80 Plus ƙarancin ɓarnar wuta yake nunawa ba ingancin kayan ciki ba, kuma ana buga na bogi. Fawa fak na hannu ni ba na ba da shawararsa sai ka san inda ya fito. In ka sayi mai wayoyin cirewa, ka yi amfani da wayoyin da suka zo a kwalinsa kaɗai, kar ka haɗa da na wani ko da bakin ya shiga daidai, tsarin fin ɗin ba ɗaya ba ne kuma haka ake ƙona SSD da kati.

Kafin ka samu kuɗin ka bar Power Limit ɗin a 70, za ka rasa firem kaɗan ne ba da yawa ba, kuma ka daina matsa mata tana mutuwa kana sake kunnawa, fawa fak mara kariya mai kyau in zai tafi yana iya tafiya da wani abin. Ka turo min hoton takardar jikin fawa fak ɗin, da abin da ka gani a BugcheckCode, da lambobin zafi na ƙarshe daga HWiNFO, sai mu ga inda za a dosa.